Belisario da Shirun Ranar Iska

A Piedra Mora idan tunkiya ta yi ɓari, iska ce. Idan miji ya dawo gida ba hula iska ce, idan ya dawo da hular wani ma ita ce dai. Ni kaina na taɓa gaya wa matata cewa saboda iska nake cin kwano biyu, don mutum mara nauyi ba ya daɗewa a garin nan, ta kalli taga, ba ta musa ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji labarin Belisario Curiqueo ya ce wawa ne. Ba wawa ba ne. Ɗan garinmu ne, shi ke nan.

Sunana Ovidio, a-kori-kura nake ja. Ina kai garin alkama da tukwanen gas bakin gonakin kiwo, in dawo da ulu da fata da labarin wanda ya daina yi wa wa magana. Benci ɗaya muka zauna da Belisario a firamare, na cinye mafi yawan bencin, shi ya lallaɓa da sauran. Siriri ne kamar wayar shinge, kuma tun yana yaro ba ya iya ganin abu mai murfi ya ƙyale shi. Ya kwance rediyon mahaifiyarsa ya mayar, aka sami rarar notuna a kan tebur, rediyon kuma ya fi da magana. Daga baya ya tafi birnin bakin teku koyon aikin lantarki. Bai gama ba mahaifinsa ya rasu, ya dawo da kwalin littattafai da tari, ya buɗe shagon gyara a ɗakin gaba na gidansu. Bai yi aure ba. Ya taɓa zuwa zance wurin wata malamar makaranta, ya ƙarar da yammar yana yi mata bayanin abin da ya sa firjinta ke gurnani. Ta gode masa ƙwarai, ta auri mahauci.

Gidan rediyon ƙungiyar masu tumaki ba don kiɗa aka yi shi ba, kiɗan cikon lokaci ne. Don saƙonnin tsakar rana aka yi shi. Makiyayin da ke zaune tafiyar rabin yini a kan doki daga hanyar mota, ba waya, ba maƙwabci sai karnukansa, rana na kaiwa tsaka zai sauko da rediyo daga kan kanta, ya saka masa batir, ya saurara a tsaye. A sanar da iyalin wane cewa masu askin tumaki za su iso ranar Talata, a tara dabbobi. A gaya wa wance ta turo doki bakin hanya, ɗanta yana tafe da kaya. Wane yana sanar da surukinsa cewa ya ji saƙonsa, amsar kuma a'a ce. Ana gamawa a cire batir a mayar cikin gwangwani. Ba mai barin rediyo a kunne don jin daɗi. Batir daga gari yake zuwa, garin kuma ni ne, ni kuwa ba kullum nake zuwa ba.

Tashar duka ɗan ɗakin kwano ce a kan tudu bayan gari, a gindin ƙarfen eriya. Da can sai mutum ya zauna a ciki yini guda yana juya kaset. Masu sa kai suka yi ta zuwa suna gudu, don sanyin ɗakin nan yana shiga mutum ta ƙasan kujera. Da shugaban ƙungiya ya fara zancen rufewa, Belisario ya samo wata tsohuwar kwamfuta da wani ofis a birni ya jefar, ya kulle kansa da ita hunturu guda. Ba wanda ya koya masa rubuta manhaja. Littattafai ne da taurin kai.

Abin da ya fito da shi, a yadda ya yi mini bayani har na kusa fahimta, manhaja biyu ce. Ɗaya tana sa kiɗa daga safe. Ɗaya tana ɗaukar murya daga wayar da ya ja tun daga tudu har kicin ɗin Doña Ercilia, gwauruwar da ke karanta mana saƙonni, ta miƙa wa injin watsawa. A cikin kwamfutar akwai wata 'yar aba, katin sauti, ita ce bakinta da kunnenta, kuma irin na wancan zamani manhaja ɗaya ce ke iya riƙe shi a lokaci guda. Ya ce kamar ƙoƙon mate ne, shayin ganyen nan da muke sha da ƙoƙo ɗaya ana zagayawa, sai mai sha ya mayar kafin a miƙa wa na kusa. Rana na kaiwa tsaka mai kiɗa za ta saki, ta biyun ta karɓa, Doña Ercilia ta gyara murya a gaban tukunyarta, in ta gama a mayar wa mai kiɗa.

Ya yi aiki. Shekaru da dama ya yi aiki, ba kowa a ɗakin sai ɓeraye. Mutanen ƙauye suka san muryar Ercilia har da ƙarar suyarta, har wani tsoho ya aiko a gaya mata tana barin albasa ta ƙone. Allon kwamfutar ma Belisario ya sauko da shi ya bai wa ofishin ƙungiya lokacin da nasu ya mutu, yana cewa wa zai kalle shi a can. A shekarun nan ne na ga yana tafiya kafaɗa a miƙe. In muka tsaya bakin wata gona, matar gida kan fito da burodi mai zafi ta ba shi, ni da na sauke mata tukunyar gas ta ba ni sannu.

Sai aka yi shekarar dusar ƙanƙara, wadda ta faɗo bayan tumaki sun haihu. 'Ya'yan tumaki suka mutu a fili kamar an zubar da farin wanki. A taron ƙungiya aka nemi abu biyu: a riƙa sa hasashen yanayi bayan saƙonni, kuma a ƙara wa ƙarfen eriya tsawo don na can ƙuryar su ji. Belisario ya yi duka biyun a wata ɗaya. Ya ɗora wa ƙarfen sabuwar gaɓa. Ya kafa ɗan farantin intanet a kan rufin ɗakin, ya ƙara wa manhajar kiɗa 'yan layuka don ta riƙa ɗauko hasashen da hantsi. Kowa ya ga sabuwar gaɓar, daga kowane lungu na gari ana hango ta tana lilo. 'Yan layukan kuwa shi kansa ya manta da su.

Ranar iska ta farko bayan haka, kiɗa ya tsaya da tsakar rana kamar kullum, muryar Ercilia ba ta zo ba. Kiɗan ma bai dawo ba. Ita tana can tana karanta wa tukunyarta saƙonni. Belisario ya faɗo cikin motata muka hau tudu, ya ɗaga kai ya kalli sabuwar gaɓar tana rawa, ni ma na kalla, ba wanda ya buƙaci a gaya masa inda matsalar take.

To, akwai ɗabi'ar da ya dawo da ita daga birni. A can ya taɓa ganin mutum ya kama eriya injin watsawa na aiki, ya ga abin da ya rage na tafin hannunsa. Tun daga ranar ba ya sa ƙafa a kan ƙarfe sai ya shiga ɗaki ya sauke babban makunnin wuta, komai ya mutu, har ƙwan fitila. Haka ya yi. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sa sifana a baki, ya hau. Na tsaya a ƙasa ina riƙe da hulata da hannu biyu ina ba shi shawarwarin da iska ke tafiya da su. Ya ɗaure notuna, ya matse mahaɗin waya, ya sauko leɓɓansa sun yi shuɗi, ya ɗaga makunni. Jim kaɗan kiɗa ya tashi a rediyon motata.

"Ka ga?" ya ce. "Mahaɗin ne ya yi sako-sako."

Na ce na gani, na raɗa masa Ƙadangare, sunan kuma ya bi shi.

Haka aka yi ta yi. Ba duk ranar iska ba, amma mafi yawansu, kuma a nan ranar iska ba baƙuwa ba ce. Shiru, mota, makunni, hawa, sauka, makunni, kiɗa. Sai dai kafin kiɗan ya dawo rana ta karkata, batura sun koma gwangwani, saƙonnin ranar sun tafi a banza. Ya canza wayar eriya daga sama har ƙasa. Ya ƙara igiyoyin ƙarfe da ke riƙe da turken eriyar. Ya naɗe mahaɗin da roba, ya shafe shi da kwalta, ya yi masa 'yar riga da gwangwanin madara. Duk wanda ya san wani abu ya zo ya kalla ya ce iska ce, limamin coci ma ya ce iska ce, shi da ya kamata ya sami wani wanda zai ɗora wa. Kuma duk hawan da Belisario ya yi, rediyo ya dawo. Ko sau ɗaya bai ƙi ba. Ku gaya mini wanda zai yi shakkar maganin da bai taɓa ƙin ci ba.

Mutane dariya suke yi da farko. Suna cewa rediyonmu kamar kaza yake, in iska ta taso sai ya shige akurki. Dariyar ta ƙare a kan Don Zoilo Antilef.

Don Zoilo tsoho ne mai kiwo a can ƙuryar kwari, inda mota ba ta shiga. Matarsa Rosenda ta sauko gari ganin likita ta zauna wurin 'yar uwarta, shi ya tsaya da dabbobi. Ciwon da aka ɗauka na kwana biyu ne ya juya. Wata safiya aka kai wa Ercilia saƙo: a gaya wa Don Zoilo matarsa na nemansa, ya fito bakin hanya da yamma, motar Ovidio za ta jira shi. Ercilia ta karanta sau biyu, a hankali. Iska kuwa tun asuba take cire kwanon rufin mutane.

Na je bakin ƙofar shingensa na tsaya. Na yi ta danna oda don kaina, na san ko karensa ba zai ji ba. Da rana ta faɗi na juyo. Washegari iska, shiru. Kwana na uku ma haka. Belisario kullum yana sama da sifana a baki, kullum kiɗa na dawowa bayan an gama saurare. Kafin a sami mai doki a tura, Rosenda ta cika. Mai dokin ya same shi a hanya yana tafe da kansa, da cuku a jaka, ya ce ya ga ta daɗe ne ya zo ya ga ko likita ya riƙe ta da surutu.

Bayan binnewa Belisario ya je ya tsaya a gabansa a bakin maƙabarta, hula a hannu. Tsohon ne ya yi magana.

"Na kunna, ɗana. Kullum na kunna. Na tsaya har ƙafata ta gaji." Ya dafa kafaɗarsa. "Kai ka yi naka, kowa ya gan ka a sama. Iska ce."

A mota Belisario ya ce mini ba za a sake yin shiru da tsakar rana a garin nan ba, ko da zai kwana a kan ƙarfen. Na ce in zai kwana ya gaya mini in kawo masa bargo da ƙusa. Bai yi dariya ba. Tun daga nan ya daina jiran iska ta lafa kafin ya hau. So yake ya riga batura komawa gwangwani. Ya riƙa zuwa tudu tun hantsi ya zauna da igiya a ƙugu, shiru na faɗowa ya sauke makunni ya kama ƙarfe. Wani lokaci har ya ci nasara, Ercilia ta sake karantawa, wasu kaɗan suka ji. Shagonsa ya zama wurin ajiyar rediyoyin da ba a gyara ba.

Ranar da ya faɗo ba na nan. Wani mai neman dokinsa ne ya same shi a gindin ƙarfen, igiyar ta tsinke a inda ta daɗe tana gogar ƙarfe. Ƙashin kwatangwalo ya karye, da wasu ƙananan da likita bai ga amfanin lissafa mana ba. Aka tafi da shi birni. Makunnin yana ƙasa kamar yadda ya bar shi, ba kuma wanda ya yarda ya taɓa. Tashar ta yi watanni a mace. Mutane suka fara aika saƙonninsu babbar tashar birni, wadda ke karanta su da sauri cikin tallan taki, tana kuma kiran sunayenmu kamar mai tauna tsakuwa. Amma dai tana magana.

Ya dawo da sanduna biyu da ƙafa ɗaya da ta fi ɗaya gajarta. Ko gida bai shiga ba ya ce in kai shi tudu. Ya ɗaga makunni, kiɗa ya tashi, ya ce ashe ya riga ya gama ɗaurin kafin ya faɗo. Ercilia ta koma gaban tukunyarta da 'yan saƙonnin da suka rage mata.

Ba a jima ba iska ta taso, aka yi shiru. Na kai shi. Ya shiga ɗaki ya sauke makunni, hannunsa ne ya yi, ba shi ba. Ya fito ya tsaya a gindin ƙarfen a kan sandunansa ya ɗaga kai. Ya daɗe a haka. Sannan ya juyo ya miƙo mini sifana.

Na ce, "Ƙadangare, ƙarfen nan eriya aka yi shi ya ɗauka, ba buhun gari ba. In na hau, ni da shi da tashar za mu sauka a kicin ɗin Ercilia."

Bai matsa ba. Muka shiga ɗakin don mu fake, ya zauna a kan akwati ya miƙe ƙafar. Ni kuwa in ban san abin da zan ce ba, mate nake haɗawa. Na zuba ruwa a butar lantarki, na danna, ba wuta, na tuna, na ɗaga makunni. Ina cikin zuba ganye a ƙoƙo sai na ji kiɗan akodiyon. Daga motata yake fitowa, na bar ƙofa a buɗe da rediyo a kunne.

Na ce, "Kai, ga ta ta dawo," ina murna kamar ni na gyara.

Da na juyo na ga fuskarsa, murnar ta gushe.

"Ovidio," ya ce, "wa ya hau?"

"Ba kowa."

"Wa ya taɓa mahaɗin?"

Na ce ba kowa. Ya kalli makunnin, ya kalli kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur cikin ƙura da kashin ɓera, wadda shekara da shekaru ba wanda ya yi mata kallon kirki. Butar ta tafasa ta kashe kanta. Na miƙa masa ƙoƙon, bai gan shi ba.

Washegari ya je ofishin ƙungiya ya karɓo allonsa. Muka jira iska, ba ta ba mu wahalar jira ba. Da shirun ya faɗo ya ce in na kusanci makunnin nan zai karya mini sanda a ka. Ya jona allon ya danna 'yan maɓallai, ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya yi mini bayani da muryar da ake ba da labarin mutuwar wanda ba a sani ba.

Mai kiɗa, ya ce, ba ita ke zuwa ɗauko hasashen yanayi da kanta ba. Da hantsi takan haifi wata 'yar ƙaramar manhaja ta aike ta. Haka masu sana'ar suke faɗi, uwa da ɗa. Ƙa'idar injin kuwa ita ce, duk abin da uwa ke riƙe da shi a buɗe lokacin haihuwa, ɗan yana fitowa riƙe da shi, ko yana so ko ba ya so, sai in an ce kada a ba shi. Shi kuma bai ce ba, don bai san ana cewa ba. Ranar da ba iska ɗan yakan ɗauko hasashen ya gama ya mutu tun kafin tsakar rana, ba wanda ya san ya taɓa riƙe komai. Ranar iska farantin da ke kan rufi yakan yi rawa, saƙon ya yanke a tsakiya, ɗan ya zauna jiran sauran, ba a kuma koya masa gajiya da jira ba.

"Rana ta kai tsaka, uwar ta mayar da ƙoƙon," ya ce. "Shi bai saki ba. Ba sha yake yi ba ma. Bai san yana hannunsa ba. Ta Ercilia ta zo karɓa, a ce mata akwai mai riƙe da shi." Ya nuna mini layin a allo, ga shi nan a rubuce, kullum ana rubuta shi ba mai karantawa. "In na sauke makunni ya mutu. Shi ke nan gyaran. Hawan nan duka, Ovidio, motsa jiki nake yi."

Na ce to ai iskar ce dai, tunda ita ke kaɗa farantin. Ya ce iska na kaɗa farantin kowa a duniya, rediyon kowa bai yi shiru ba.

Gyaran layi ɗaya ne, na gaya wa injin kada ɗan ya gaji katin sauti. Ya ƙara na biyu don ɗan ya riƙa haƙura in ya jira ya gaji. Ya rubuta su da yatsu biyu, ya gama kafin in gama neman murfin buta. Iska ta biyo baya, ta sake biyowa, muryar Ercilia ta fito tas a tsakiyarta, har da ƙarar suya.

Sai dai saƙonnin ba su dawo ba. Shugaban ƙungiya ya ce in aka gama askin tumaki ba su dawo ba, za a sayar da injin watsawa. Belisario ya ce mutane ba su sani ba ne, in suka ji ta a ranar iska za su dawo. Ya shirya abin da ya ɗauka hujja ce. Ya sa ni da Ercilia muka yi alkawarin ba za mu faɗa wa kowa ba, ya jira rana mafi muni, wata Laraba da ta kifar da tankin ruwan makaranta, Ercilia ta karanta: Belisario Curiqueo yana gayyatar duk wanda ya ji wannan saƙo cin gasasshen rago ranar Lahadi a gindin eriya, ya zo da wuƙarsa. A ƙasar nan mutum zai iya ƙin zuwa bikin ɗansa, amma ba ya ƙin naman da ba shi ya yanka ba.

Lahadi ta zo lafiya lau, ko ganye ba ya motsi. Muka kafa raguna biyu a gaban wuta tun da safe. Belisario ya sa rigarsa ta zuwa coci ya zauna yana kallon hanya. Ercilia ta kawo burodi kwando guda. Naman ya nuna, ya yi ja, ya fara bushewa. Na yi duk barkwancin da na sani, har waɗanda matata ta hana ni yi a gaban mutane. Ercilia ta yi dariya don tausayi. Kare ɗaya ya zo, shi ma na tabbata ƙamshi ya ji ba saƙo ba.

Can da yamma muka hango doki. Belisario ya miƙe har sanda ɗaya ta faɗi. Don Zoilo ne. Ya sauka a hankali, ya gaisa da kowa, ya ce daga wurin Rosenda yake, ya ga hayaƙi ya ɗauka ɗakin ne ya kama.

Belisario ya tambaye shi ko ya ji saƙon ranar Laraba.

"Laraba?" Tsohon ya yi tunani. "Ai iska aka yi Laraba. Ba ma kunna taku ranar iska, ɗana, asarar batir ce. Kowa ya san wannan." Ya ce yanzu ma ta birni suke kamawa, tunda can saƙonnin suke, ba a iya sauraron biyu a lokaci ɗaya.

Sai Belisario ya gaya masa. Ya faɗa masa duka, uwa da ɗa da ƙoƙo da makunni, ya ce ranar Rosenda ba abin da ya sami eriya, da ya sauke makunni ya ɗaga nan take ba tare da ya hau ba, da muryar ta fito tun yana tsaye da rediyonsa. Ya ce ba iska ba ce, shi ne. Don Zoilo ya saurara har ƙarshe yana yankar nama a kan burodi, cikin ladabin da ake sauraron mara lafiya.

"Faɗuwar nan ta taɓa ka," ya ce. "Ni na ji iskar ranar da kunnena. Kada ka ɗora wa kanka abin da ba naka ba." Ya goge wuƙarsa a wando, ya yaba naman, ya ce an bar shi ya ɗan wuce, ya hau ya tafi.

An sayar da injin bayan aski. Ƙarfen yana nan, ba wanda ya ga riba a sauke shi, har yanzu yana sanye da rigarsa ta gwangwanin madara. Kwamfutar Belisario ya ɗauko, tana shagonsa a kan kanta, jone da ɗan lasifika, ya kuma mayar da farantin kan rufinsa, a gefen da iska ta fi duka. Nakan tsaya wurinsa in na dawo daga hanya. Da tsakar rana kiɗa kan tsaya, ta biyun ta karɓa, ta buɗe wayar da ba kowa a ƙarshenta, a ji 'yar shuuu na ɗan lokaci, sannan kiɗa ya dawo. Ranar iska yakan ajiye abin da yake gyarawa tun kafin lokacin ya zauna yana jira.

Rannan ana wata iska mai ɗauke kaji na ce masa, "Ƙadangare, wannan fa ita ce tashar da ta fi kowace aminci a duk kudu, saura masu saurare."

Ya ɗaga mini yatsa in yi shiru. Kiɗa ya tsaya. Shuuu ɗin ta zo. Muka saurare ta tare har ta ƙare, akodiyon ya dawo, ya gyaɗa kai ya ɗauki sifana ya ci gaba da kwance injin niƙan wata mata.